Abin da Ido Ya Gani da Abin da Kai Ya Sani

Ajiye kofin shayi a kan tebur, ka miƙa fensir da takarda ga wanda bai taɓa koyon zane ba, ka ce ya zana maka shi. Babba ne ko yaro, ɗan boko ne ko almajiri, kusan abu guda za ka samu. Zai zagaya bakin kofin ya yi da'ira cikakkiya, ya sauko da layi biyu a gefe, sannan ya rufe gindin da miƙaƙƙen layi. Tambaye shi me ya sa bakin ya fito haka, zai ce ai bakin kofi zagayayye ne. Gindin fa? Ai a kan tebur yake zaune, tebur kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Amsoshin nan biyu duk gaskiya ne, amma zanen bai faɗi gaskiya ba. Daga inda mutumin yake zaune, bakin kofin matsattsiyar da'ira ce, mai faɗi daga hagu zuwa dama, ƙuntatacciya daga gaba zuwa baya. Gindin ma a lanƙwashe yake, har ya ɗan fi bakin lanƙwasa, domin ya fi shi yin ƙasa da saitin ido.

Ka lura da idonsa yayin da yake aikin. Sau ɗaya zai dubi kofin, shi ma a gurguje, don dai ya tabbatar kofi ne, daga nan ya sunkuyar da kai kan takarda har ya gama. Wanda ya ƙware kuwa, yawancin lokacinsa idonsa na kan abin da yake zanawa, takardar leƙa ta kawai yake yi. Na farkon ya zana kofin da ke cikin kansa tun yana ƙarami. Na biyun yana zana wannan kofin, daga wannan kujerar, cikin hasken wannan safiyar.

Shi ya sa maganar nan da muka saba ji, wai "ni dai Allah bai ba ni hannun zane ba", ba ta gamsar da ni. Mai faɗin haka yakan iya rubuta sunansa da boko da ajami, ya ja wutsiyar sin, ya naɗe kan mim, ya zura zare a kafar allura. Mai faɗin haka takan yanka albasa siriri-siriri ba ta taɓa yatsa ba. Hannun da ya iya waɗannan ba abin da zai gagare shi a jikin kofi. Baiwa tana nan, ba musu, ba kowa ne zai zama gwanin da za a riƙa ambato ba. Amma zana kujera ta fito kujera, da ƙafafunta huɗu a ƙasa, wannan koyo ne. Abin da ake koya ɗin kuwa kallo ne.

Wani masani haifaffen Basra, Alhasan ibnul Haisam, ya yi dogon bayani a kan wannan cikin littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce. Kafin shi, da yawa daga masanan Girka sun ɗauka cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi ya nuna cewa haske daga abin yake tasowa ya shigo ido. Amma abin da ya fi shafar mai zane shi ne ɗaya ɓangaren bayaninsa: gani ba a ido yake ƙarewa ba, hankali ne ke karɓar abin da ya shigo, ya gwada shi da abin da ya riga ya sani, ya yanke hukunci cikin ƙiftawa ba tare da mutum ya sani ba. Ka hango mutum can ƙarshen fili, girmansa a idonka bai kai ɗan yatsa ba, amma ba ka taɓa cewa ga wada can tafe. Hankalinka ya gyara maka. Wannan gyaran rahama ne, ba don shi ba da tsallaka titi ma ya gagare mu. Sai dai shi ne kuma ke mayar wa ɗan koyo bakin kofi da'ira. Aikin farko na mai zane shi ne ya roƙi hankalinsa ya dakata da gyaran na ɗan lokaci.

An fassara littafin nan zuwa Latin, Turawa suka karanta shi ɗaruruwan shekaru. A farkon ƙarni na 15 wani magini a birnin Florence na Italiya, Brunelleschi, ya nuna yadda ake shimfiɗa nisa a kan allo, sannan a 1435 Alberti ya rubuta ƙa'idar. Ba sai an je Italiya ba kafin a gan ta. Tsaya kusa da layin dogo a Kano ko Zariya ka miƙa ido: ƙarafan nan biyu da ka san ba za su taɓa haɗuwa ba, ga su can sun haɗe. Dubi falwayoyin wuta a bakin hanyar Katsina, kowace ta fi ta bayanta tsawo. Shiga dogon lungu a cikin birni, za ka ga saman katanga na gangarowa, gindinta na haurawa, duk suna neman wuri guda, wurin kuwa daidai tsayin idonka yake. Tsuguna, wurin ya sauko tare da kai. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke sa zanen ɗaki ko mota ko akwati ya zauna daram.

To yaya ake sa hankali ya yi shiru? Malaman zane sun daɗe suna neman dabara, dabarunsu kuma duk na yaudarar kai ne. Wata malama Ba'amurkiya, Betty Edwards, ta fitar da littafi a 1979 wanda ya bazu duniya. Takan ba ɗalibai zanen wani mutum zaune kan kujera, ta juya shi ƙafa sama kai ƙasa, ta ce su kwafa a haka. Sai a ga waɗanda suka rantse ba su iya ba sun fitar da abin mamaki. Da hoton ya juye, hankali ya kasa cewa wannan hannu ne, wannan aljihu ne, sai ya bar ido ya bi layi a matsayinsa na layi: wannan ya karkata dama, wancan ya tsaya a nan. Bayanin da ta ɗora a kai, na rabon aiki tsakanin ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu da na dama, masana ƙwaƙwalwa suna ganin an sauƙaƙa shi fiye da kima. Amma darasin kansa yana aiki, kowa na iya gwadawa yau da hoton jikin kalanda.

Akwai kuma dabarar zana ramuka. Ɗauki kujerar katako, kada ka zana ƙafafunta, zana fankon da ke tsakanin ƙafa da ƙafa, da wanda ke tsakanin sandunan jingina. Hankali ya san kujera, amma bai taɓa ajiye siffar fanko ba, dole ya dogara da ido. In ka zana ramukan daidai, sai ka ga kujerar ta fito da kanta a tsakaninsu. Ta uku ita ce ta Kimon Nicolaides, wanda ya koyar a New York, aka buga littafinsa a 1941 bayan rasuwarsa. Ka kafa ido a gefen tafin hannunka na hagu, ka bi kowane lanƙwasa sannu a hankali, fensir na tafiya tare da idon, ba ka duba takarda ko sau ɗaya. Abin da zai fito ba na nuna wa suruka ba ne, yatsa na iya fitowa daga wuyan hannu. Amma duba layukan ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da wani gaɓar yatsa da ya fito da rai fiye da duk abin da ka taɓa zanawa.

Bayan kallo sai awo. Nan ne ake ganin mai zane ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga fensir yana matsar da babban yatsa, jama'a na zaton iyayi ne. Awo yake yi. Yana ɗaukar faɗin buta da kan fensir zuwa yatsa, sannan ya juya fensirin ya ga sau nawa faɗin nan ya shiga tsawonta. Sharaɗin guda ne, gwiwar hannu ta miƙe sarai kowane lokaci, in ta lanƙwashe awon ya ɓaci. Wanda ya fara awo yakan sha mamaki. Kowa ya ɗauka idanu a saman fuska suke, can kusa da gashi, haka kuma yara ke zana su. Auna ka gani: daga tsakar ka zuwa haɓa, idanu a tsakiya suke. Muna rage goshi da ƙoƙon kai ne domin ba su muke kallo ba idan muna magana da mutum. Tsofaffin masu zanen Masar kan ja layuka a jikin bango, tsaye da kwance, su raba shi gida-gida kafin su fara, Albrecht Dürer na Jamus ya nuna irin wannan dabara a littafinsa na awo, masu zanen allon shago da na jikin manyan motoci kuma har gobe da ita suke mayar da ɗan ƙaramin hoto ya cika bango.

Sai inuwa, wadda a ganina ita ce ta fi daɗin koyo. Fitar da tulu tsakar gida da hantsi, ka zauna gefensa. Babu wani baƙin layi da ya zagaye shi, mu ne ke ƙirƙirar layi don mu raba tulu da bango. Abin da ke akwai haske ne da duhu. Ɓarin da ke fuskantar rana ya yi fes, daga nan ya riƙa dusashewa har ya kai wurin da ya fi duhu, wurin kuwa ba can bakin gefe yake ba. Kafin a kai gefen sai duhun ya ɗan sassauta, domin ƙasa ta karɓi hasken rana ta mayar wa tulun ta ƙasa. Wannan ɗan hasken da ya dawo shi ke sa tulu ya cika ya zama zagayayye a takarda, kuma ba wanda ke ganinsa sai an nuna masa. Can ƙarƙashi, inda gindi ya taɓa ƙasa, nan ne baƙi ƙirin. Kanne idanu kaɗan har abubuwa su yi hazo, ƙananan tabo za su ɓace, manyan yankunan haske da duhu su rage. Ɗan koyo tsoron baƙi yake yi, yana shafa fensir sama-sama kada ya ɓata aiki, sai komai ya fito toka-toka, tulu na shawagi ba gindi.

Kayan aikin ba su kai a yi musu dogon zance ba, sai dai akwai abin sani game da fensir. Baƙin da ke cikinsa ba darma ba ce, wani ma'adini ne da aka samu da yawa a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16. Da yaƙi ya yanke wa Faransa hanyar samunsa, sai Nicolas-Jacques Conté ya gano a 1795 cewa za a iya niƙa maras kyansa a kwaɓa da yumɓu a gasa. Yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri ya yi fari, shi ne mai alamar H. Ya yi kaɗan, fensir ya yi laushi ya yi baƙi, shi ne mai alamar B. HB ɗin da ke kowane kanti yana tsakiya, ya ishi mai farawa, in an samu 2B ko 4B don inuwa, madalla. In ba a samu ba, ga gawayi a murhu, ga takardar buhun siminti mai kaushin da ke kama shi, ga bayan tsohuwar kalanda. Masu cewa sai sun sayi kaya masu tsada za su fara, galibi ba sa farawa.

Kada kuma a ɗauka daga waje aka kawo mana zane. Kafin allura ta taɓa babbar riga, akwai wanda ke shimfiɗa ƙyallen ya zana aska takwas ko aska biyu da tambari, da alƙalami da tawada, sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da allo, sannan maɗinki ya bi sawunsa. Ga allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da ja da kore da ruwan ɗorawa, an raba shi gida-gida ba inda ya fi wani. Ga magina da suka ƙawata fuskar gidaje a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, suna murɗa laka ta zama dagi. Ga masu zanen ƙwarya, ga masu zana hula kafin a ɗinke ta, ga kuma masu lalle, ko da yake ba kasafai ake lissafa su cikin masu zane ba. Gaskiya ne, wannan zane na tsari ne, ba na kwaikwayon abin da ido ya gani ba. Amma tarbiyyar hannu ɗaya ce, akwai kuma darasi guda da suka riƙe gam wanda ɗan koyo ke yawan saɓawa: daga babba ake farawa. Mai zanen riga yakan kafa iyakar aljihu da tsawon asake kafin ya shiga cikon ciki. Mai lalle takan dubi bayan hannun amarya ta raba shi da ido, ta ajiye furen tsakiya, sannan ta bi yatsu. Ɗan koyo kuwa sai ya fara da gashin ido, ya ɓata rabin sa'a a kai, daga baya ya tarar babu wurin haɓa a takarda.

Dukan masu sana'o'in nan kuma ta hanya ɗaya suka koya: zama kusa da wanda ya iya, kallo, kwaikwayo. Yarinya na riƙe wa yayarta ƙullin lalle, tana gwadawa a takarda, sannan a ƙafar ƙanwarta, kafin a yarda ta taɓa baƙuwa. Kwaikwayo ba abin kunya ba ne ga mai koyo, abin kunyar shi ne ka kwafa ka ce naka ne.

Vincent van Gogh, wanda yau ake layi a Amsterdam don ganin aikinsa, yana da shekara 27 lokacin da ya ƙudura zai zama mai zane, a 1880, yana zaune a yankin masu haƙar kwal na Beljiyam, ba kuɗi, ba malami. Abin da ya samu aro ne. Tsohon maigidansa a kamfanin sayar da zane na Goupil ya aiko masa da darussan Charles Bargue, wasu manyan takardu da aka buga a Faris tsakanin 1866 da 1871, waɗanda ke nuna yadda ake fara hannu ko ƙafa da 'yan miƙaƙƙun layuka kafin a lanƙwasa su. Ya zauna ya kwafe su, ya koma farko ya sake. Shekara goma kacal ya yi yana zane kafin ya rasu a 1890. Ba wanda zai dubi aikinsa na ƙarshe ya ce ya yi kama da Bargue, amma a kan takardun aron nan ya koyi tsayuwa. Wanda ya ba da aron kuwa ba abin da ya ragu a wurinsa.

Mu ma a Najeriya da irin wannan aka fara zanen kwaikwayon abin da ido ya gani. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ta hanyar kwafar hotunan mujallu da littattafan Turawa da suka faɗo hannunsa, a zamanin da masu mulki ke ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan aiki ba. Sai a 1920 ya samu zuwa Landan da Faris, ya dawo a 1922. Bai rufe ƙofa ya ci gajiyar iliminsa shi kaɗai ba, ya riƙa zagaya makarantun Legas yana koyarwa, ya matsa wa gwamnati ta sa zane cikin darussa, har aka ɗauko Kenneth Murray daga Ingila a 1927, wanda Ben Enwonwu ya fito daga hannunsa. Daga baya sashen koyar da zane ya kafu a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a haɗa ta da ta gida. Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da nakan tambayi kaina shi ne, yara nawa ne daga cikin ganuwar Zazzau, da ke wucewa ta gaban gidaje masu dagi kullum, suka taɓa jin cewa abin da ake koyarwa a jami'ar da ke Samaru yana da dangantaka da bangon gidan kakansu.

Yau matsalar ta juya. Van Gogh ya jira a aiko masa da takarda, ɗan yau kuwa wayarsa cike take. Bidiyon koyon zane a YouTube ba ya ƙirguwa, ana tura littattafai ta WhatsApp, aboki ya zuba wa aboki har waya ta ce ba wuri. Sai ka ga matashi da littafin koyon zane hamsin a waya, ba shi da takarda guda da ya cika. Ya cika rumbu ya kwana da yunwa. Kallon gwani na zane yana da daɗi, yana kuma sa mutum ya ji kamar ya koyi wani abu, alhali hannunsa na cikin aljihu. Yawancin gajerun bidiyon nan ma an gaggauta su, an yanke awo da gogewa da sakewa, an bar tsafin kawai, ɗan koyo ya gani ya ƙara yarda cewa abin baiwa ne.

Don haka rabawa ma tana da ladabi. Wanda ya tura wa ƙaninsa littafi talatin ya sauke nauyi ne kawai, bai taimake shi ba. Wanda ya taimaka shi ne ya ce masa, ga shafi kaza, yi wannan darasin mako guda, ranar Juma'a bayan masallaci ka kawo in gani. Akwai tsofaffin littattafai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana samunsu kyauta a intanet ba tare da cin haƙƙin kowa ba. John Ruskin, wanda ya koyar da leburori da masu sana'a zane a wata kwalejin ma'aikata ta Landan, ya buga nasa a 1857 cikin sigar wasiƙu uku zuwa ga mai farawa, Harold Speed ya buga nasa a 1913. Littafin wanda ke raye yana ci da guminsa kuwa, ɗaukarsa a raba ba izini haƙƙi ne, ko da niyyar ta alheri ce. Amma ko na kyautar, Turancinsu mai nauyi ne, misalansu na gumakan Girka ne da itatuwan Ingila. Yaron Gumel ko yarinyar Maraɗi na bukatar wanda zai ce musu da Hausa, ɗauko turmi, ɗauko faifai, zauna ƙarƙashin darbejiya ka dubi yadda reshe ke fita daga jikin reshe. Irin wannan kaɗan ne ƙwarai, kuma ba wani Bature da zai zo ya rubuta mana shi.

Wani abin da ke hana yaɗuwa shi ne rowa. Mai sana'a na tsoron in ya koya wa yaro sirrin haɗa launi ko raba allo, gobe yaron zai buɗe shago a gabansa. Tsoron ba na banza ba ne, kasuwa ƙarama ce, ga injin buga fosta ya riga ya cinye rabin aikin masu fenti. Amma ban ga sana'ar da rowa ta tsare ba. Abin da na gani shi ne tsoho ya tafi da abinsa, 'ya'yansa na acaɓa.

Akwai tambayar da duk mai koyar da zane a cikinmu zai gamu da ita, ta zanen abu mai rai. Hadisai sun zo da gargaɗi mai tsanani a kan masu sura, malamai kuma sun yi maganganu mabambanta game da abin da ke da jiki da inuwa, da abin da ke shimfiɗe a takarda, da abin da ake yi don karantarwa. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da zan ce kawai shi ne mafi yawan malamai ba su hana zana itace da dutse da gida da tulu ba, duk abin da na ambata na awo da nisa da inuwa kuma ana iya koyonsa tsaf ba a zana ko ƙuda ba. Uban da ya hana ɗansa fensir gaba ɗaya saboda wannan, ya hana shi abin da tela ke bukata kafin ya sa almakashi, da kafinta, da mai walda da ke nuna wa mai gida fasalin ƙofa a bayan kwali, da ɗalibin kimiyya da za a ajiye wa ganye ko ƙashi a jarrabawar WAEC a ce ya zana ya sa wa kowane sashe suna.

A makarantun firamare akwai darasin al'adu da fasaha a jadawali, amma ga yadda yakan kasance: malam ya zana mangwaro a allo, yara su kwafa, wanda nasa ya fi kama da na malam ya ci maki. Mangwaron da ke cikin kan malam aka koya musu. Da ya tsinko guda a hanya ya ɗora a kan tebur, da na gaban aji da na gefen taga sun zana abu daban-daban, kuma dukansu daidai. Idan yaro ya kawo zanensa, abu biyu muka iya. Ko mu ce "Masha Allah, ya yi kyau" mu ci gaba da hirarmu, ko mu karɓe fensirin mu gyara masa a kan takardarsa. Na farko bai ƙara masa komai ba, na biyu ya nuna masa cewa hannun babba ne ke da gaskiya. Abin da ya fi shi ne a mayar da shi ga abin da ya zana: dubi hannun butar nan kuma, a ina ya manne, sama da bakinta ko ƙasa? In gyara ya zama dole, a yi shi a wata takarda. A sa shi ya rubuta kwanan wata a kusurwa, kada ya yaga ko da ya ƙi shi, domin bayan wata uku tsohon zanen ne zai nuna masa ya ci gaba, ba yabon kowa ba.

Wayar nan da ke cike da darussan wasu tana da kyamara. A Zariya da Kano da Damagaram har yanzu akwai dattawan da suka iya fitar da dagi a ɗanyen yaɓe ba tare da ruwla ba, akwai masu zana aska takwas da hannu kawai, suna raguwa ne kawai yayin da bulo da keken ɗinki ke ƙaruwa. Hoton aikinsu da aka gama yana da yawa a littattafan Turawa da gidajen tarihi. Abin da ba a ajiye ba shi ne tsarin aikin: ta ina hannu ke farawa, da me ake auna tsakiya, wane layi ke bi ta sama wane ke bi ta ƙasa, me ake yi idan an kuskure. Matashi ya je ya gaida tsohon, ya kai masa goro, ya ce, "Baba, don Allah a yi mini guda ɗaya a hankali in ɗauka, a riƙa faɗa mini abin da ake yi." Ya nemi izininsa kafin ya yaɗa, ya ambaci sunansa da unguwarsu, kuma kada ya yanke wurin da tsohon ya goge ya sake.